Inda ruwa ya taɓa kwana

Shekara da shekaru in aka tambaye ni daga ina nake, sunan garin da ke bakin kwalta nake faɗa, bana faɗin na ƙauyenmu. Ba kunya kaɗai ba ce, har da gajiya, don in ka faɗi sunan sai an ce maka ina ne kuma nan, kai kuma ka shiga kwatance kamar mai ba da labarin mafarki. Ka sauka a mota bakin kwalta, ka fuskanci gabas, ka miƙi burji, zaka wuce wani fako da ko ciyawa bata fitowa, ka wuce kukoki uku da ke tsaye waje ɗaya, daga nan ƙasa za ta fara gangarawa da kai a hankali baka ma sani ba sai dai ka ji mashin ya rage kuka, to sai ka iske rafi. In rani ne yashi ne zalla, ka sauka ka tura mashin ɗinka. In damina ce kuwa, Allah ya ba da sa'a. Ka haye, ka hau tudu, ga mu nan a gindin dutse. Kilomita 9 ne daga kwalta, ni na auna da kaina daga baya, amma muna yara ina muka san wani kilomita, abin da muka sani kawai in ka fita bayan asuba da ƙafa zaka isa bakin titi da hantsi.

Bari in zana muku wajen sosai don in baku gane shi ba ba za ku gane wautar da na yi ba.

Gabas da mu dutse ne, ba wani babban tsauni ba, irin falalen nan ne mai santsi da manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su. Shi ke tare mana rana da safe, shi ya sa a gidanmu hantsi ke makara, kuma shi ke rage mana ƙarfin hadari, tunda ruwanmu kusan kullum daga gabas yake tasowa da iska a gabansa. Wanda ya zauna a fili ya sani, bangon gabas shi ke fara zubewa. Mu namu dutse ya sha mana dukan. Arewa jigawa ce, gonaki har iya ganinka da itatuwan gawo jefi-jefi a ciki. Gawo kuwa bishiya ce mai taurin kai, lokacin da kowa ke yin ganye da damina ita sai ta kaɗe nata tas, da rani kowa ya bushe ita ta yi kore shar, shi ya sa bata hana shuka rana, ganyen da ta zubar kuma ya zama taki, duk gonar da ke da gawo zaka ga hatsin gindinsa ya fi na gefe tsayi da kauri. Kudu fadama. Yamma kuma rafin nan, ya zagayo mu kamar baka, ya taso daga arewa ya lanƙwasa ya bi ta kudu ya shige fadamar.

Garin kansa a kan marmara yake, tsakuwa ko'ina, in ka yi tuntuɓe da yatsa sai ka ji har ƙwaƙwalwarka. Rijiyar tsakiyar gari gaba 15 ce, kafin ka jawo guga ɗaya tafin hannunka ya yi ja. Ni dai tun ina yaro nake jin haushin kakanninmu a raina, ina cewa wai me ya hau kan mutanen nan, ga fili shimfiɗe a hayin rafi ta ɓangaren titi, baƙar ƙasa lumus ba dutse ko ɗaya, suka tsallake shi suka zo suka maƙale a kan tsakuwa kamar awaki.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne a cikin shekarun fari na tashi. Ina ɗan shekara 7 aka yi farin 1984, kafin shi kuma an yi na 1973 wanda manya in suna maganarsa sai sun yi shiru tukun. Tun daga wajen 1970 har cikin shekarun 1980 ruwan sama ya ja baya a duk yankin Sahel, alhali shekarun 1950 da farkon 1960 na ruwa ne sosai. Wato mu rafin da muka buɗe ido muka gani rafi ne marar lafiya, mun ɗauka haka yake tun fil azal. Ban taɓa ganin ya fito daga gaɓarsa ba ko sau ɗaya. Abin da na fi tunawa da shi ma shi ne tono, da bazara in rijiya ta ja baya sai a gangara tsakiyar yashin a haƙa rami kamar kamu biyu ko uku, a zauna a jira, sai ka ga ruwa na tsattsafowa a hankali daga ƙasa, a kwashe na farko mai laka a zubar, na biyu ya fito garau da sanyi. Rafin bai mutu ba, a ƙarƙashin yashi yake tafiyarsa, yashin kuma ya rufe shi rana bata shanye shi. Karin maganar nan ta ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, mu ba a makaranta muka koye ta ba.

Amma ko a shekarun da ba ruwa sosai, in aka shiga marka aka yi ruwa mai ƙarfi can sama inda rafin ya taso, ko da mu nan ba a yi ko ɗigo ba, sai ka ji wani ƙugi daga arewa, kafin ka ce me ya ciko da jan ruwa da kumfa da itace. Sai ya yi kwana ɗaya, biyu, wani sa'in uku ba mai haye shi. Mu zama kamar tsibiri, gaba ruwa baya dutse.

A irin wannan ranar ce Yayata ta rasu. Ina ɗan shekara 16 ko 17. Naƙuda ta zo mata da gardama tun dare, da safe aka ce sai asibiti, aka ɗora ta a amalanke muka gangara, muka tarar rafi ya cika maƙil. Ga mota can a hayi an kira ta tana jira, muna ganin direban yana ganinmu, har ɗaga mana hannu yake. Samari biyu da suka iya ruwa suka gwada, ruwan ya watsar da su can ƙasa da mashigi, da ƙyar suka kama reshen gumbi suka fito. Muka zauna a bakin ruwan nan daga hantsi har la'asar, Inna ta ɗora kan Yaya a cinya tana mata fifita da gefen zane, tana cewa sannu, sannu, yanzu zai janye. Ya janye kuwa, amma washegari. Ba zan tsawaita nan ba. Allah ya jiƙanta da abin da ke cikinta.

Tun ranar na yi wa kaina alkawari, in dai na yi gida to a hayin rafi ta ɓangaren titi zan yi shi, ba zan taɓa zaunar da iyalina a bayan ruwan nan ba. Ina so ku riƙe wannan, don mutane da yawa sun ce girman kai ne ya sa na bar tudu, akwai shi ɗin kam, amma ba shi kaɗai ba ne.

Na bar gida na shiga birni, na yi 'yan buge-buge, daga ƙarshe Allah ya haɗa ni da wani safiyo na zama yaronsa. Da farko jan tef kawai nake da kafa turaku da saran daji, sai riƙe sandar nan mai lambobi, shi yana leƙe ta cikin lebul, na'urar auna tudu da gangare, yana rubutawa. A hankali ya koya min leƙen da lissafin. Aikin ba wani sihiri ba ne, ka kafa na'urar ta daidaita, ka karanta sanda a nan ka karanta a can, bambancin lambobin shi ne bambancin tudu da gangare, shikenan. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ido ke ƙarya. Filin da zaka rantse a miƙe yake sai na'ura ta nuna maka wancan gefen ya fi wannan da mita ɗaya da rabi. Oga kullum cewa yake ido ɗan siyasa ne, ruwa ne kaɗai ba a ba shi cin hanci. Muka zo muka fara aiki da GPS, ya bayyana min cewa taurarin ɗan adam ne can sama wajen kilomita dubu 20, na'urar tana buƙatar ta ji aƙalla guda 4 kafin ta faɗa maka inda kake, kuma digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Wata sallah na tafi da ƙaramar ta hannu gida, na tsaya a bakin rijiya na danna, lambobi suka fito, na rubuta a bayan takarda. Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina, ashe mu ma muna da adireshi a duniya, wurin da na gaji da kwatancensa ashe layi biyu ne na lamba. Na duba tsohuwar taswirar da ke ofis, rafin yana nan, dutsen yana nan, sunanmu ne babu.

Kun ga dai ba jahilin ƙasa ba ne ni. Shekara sama da goma ina auna wa mutane tudu da kwari.

Da na tara abin da na tara sai na nemi fili a hayi, a shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasar nan da nake sha'awa tun ina yaro, taku kaɗan daga burji, kamar mita 300 daga bakin rafi. Kafin a fara haƙa sai na ce bari in kai Baffa ya gani ya sa albarka, ƙanin mahaifina ne, shi ya rage mana a manya. Da bazara ne, na goyo shi a mashin. Ya sauka ya dogara sandarsa ya yi ta zagaye bai ce komai ba, ni kuma ina ta zuba, nan zaure, nan ɗakin Inna, nan rijiya don ruwa kusa yake gaba 4 ma ya isa.

Sai yace, yaro, nuna min suri ɗaya a filin nan.

Nace Baffa suri kuma? Ai gara ma da babu, kar gara ta cinye min azara.

Yace to nuna min kuka. Nuna min tsamiya. Ya sa sanda ya tona ƙasa yace nemo min tsingaro ko guda, ko alamar kufai. Duk faɗin nan tun kakannin kakanninka ba wanda ya taɓa kafa ko bukka, kana ganin makafi ne su? Sannan ya nuna min bishiyoyin da ke wajen, yace waɗannan mene ne? Nace giyayya. Yace a ina ka taɓa ganin giyayya a tudu? Ya zura sandar cikin wata tsaga, don ƙasar duk ta dare kamar ƙafar mai faso, sandar ta shige kusan rabi. Yace ƙasar da ke buɗe baki haka da rani ruwa take jira. Ni nan da kake gani na yi iyo a daidai inda kake cewa ɗakin uwarka, tun kafin farin farko.

Nace Baffa wancan zamani ne, yanzu ruwan ma ina yake. Ya yi shiru. Sai na faɗi abin da ke raina, nace Baffa Yaya fa? Tudun ne ya cece ta?

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Yace Allah ya jiƙanta. Ban ce maka tudun ba shi da aibu ba, ɗana. Na dai faɗa maka nan makwancin ruwa ne, ya yi tafiya ne, bai tashi ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a duk da haka, muka shafa, na mayar da shi.

Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne, lebul tana nan a ofis, da na roƙi Oga zai ba ni ta kwana biyu ba tare da ko tambaya ba. Aikin yini ɗaya ne in auna daga gaɓar rafi zuwa filin. Ban yi ba. Na ce wa kaina ba lokaci, amma gaskiya tsoron amsar nake.

Na yi gini na bulo da siminti da kwano, irin wanda ba kowa ke da shi ba a wajen a lokacin. Inna ta ƙi tarewa, tace ita ba ta iya barci inda ba ta jin dutse a bayanta, na yi fushi na ƙyale ta. Mutum huɗu suka biyo ni suka yi gini kusa da ni, wannan ma yana cikin abin da ke damuna, don sun ce ai safiyo ne ya san abin da yake yi. Muka yi damina uku lafiya lau, sai dai tun a ta biyu bango ya fara tsagewa ta kusurwa, don irin wannan laka in ta sha ruwa kumbura take in ta bushe ta tsuke, tana ta wasa da harsashin gini kamar numfashi. Na liƙe da siminti na shafa fenti. Kuma gaskiya mun ji daɗin wajen, matata ta haihu a asibiti cikin marka, minti 20 muka isa kwalta, ranar sai da na yi kuka a bayan ɗakin haihuwa ba wanda ya san dalili.

Sai daminar 2012, wadda kowa ya san irin ruwan da aka yi a wurare da dama.

An kwana biyu ana yi ba ƙaƙƙautawa. Da magariba na je na duba rafi da tocila, ya cika amma da sauran kamar kamu biyu kafin ya kai baki, na dawo na ce wa kowa ya kwanta ba komai. Cikin dare matata ta taɓa ni tace Malam tashi, tabarmar yara ta jiƙe. Na sauko da ƙafa sai na ji sanyi har idon sawu. Ba ƙara ba ƙugi, shiru kawai, ruwan ya shigo kamar ɓarawo. Na buɗe ƙofa na haska ta wajen rafi ina jiran in ga daga can yake, ashe ta baya ya zo mana, ta kudu. Burjin nan da aka ɗaga aka yi masa ciko ya zama kamar madatsa, kwalbatin da aka sa ƙarami ne ya toshe da kara da yayi, duk ruwan da ya gangaro daga fakon nan ya rasa hanya ya taru, rafi kuma ya samu wata tsohuwar ɓaraka can sama ya zubo ya haɗu da shi. Kafin mu tattara yara ya kai gwiwa. Na saɓa biyu, ita ta goya jaririn ta ɗora ƙullin kaya a ka, muka lallaɓa muna taɓa ƙasa da ƙafa har muka hau kan burjin, shi kaɗai ne tudu. Muka iske maƙwabta a can da awakinsu, da kunamu da macizai su ma duk sun hau, kowa ta kansa yake ba mai cizon wani.

A nan muka kwana tsaye. Kuma abin da ba zan manta ba, in na juya gabas ina hango fitilu a ƙauye can sama a gindin dutse, mutane sun fito bakin tudu suna haska mu, su a bushe, ba su iya zuwa ba mu iya zuwa. In na juya yamma kuma ruwa ya yanke burjin a daidai kwalbati. Na gudo daga bayan ruwa na zo na zauna a tsakiyarsa. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, wannan kam rahamar Allah ce ba dabarar kowa ba. Bayan kwana uku bangon kudu ya zauna, sauran suka bi shi a hankali.

Muka koma tudu ɗakin Inna. Ina jiran Baffa ya ce ai na faɗa maka, har na shirya yadda zan sunkuyar da kai. Da na je gaishe shi sai yace sannu da ruwa, yaran ba su yi mura ba dai? Shikenan. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Da kaka ta yi ƙasa ta bushe sai na ɗauko lebul ɗin da ya kamata in ɗauko tun shekara huɗu baya, na ba ƙanina sanda. Ban yarda da GPS ta hannu a wannan ba, don a tsayi tana iya kuskuren mitoci da yawa. Muka fara daga kan gaɓar rafi muka nufi kangon gidana. Daɓen ɗakina ya fi bakin rafin ƙasa da mita ɗaya da 'yan kai. Na sake aunawa don ban yarda ba, haka ya sake fitowa. Kuma abu ne da na sani a aiki, rafi in yana ambaliya yashi mai nauyi a bakin gaɓa yake fara zubar da shi, sai gaɓar ta yi ta tashi shekara da shekaru, laka mai laushi kuma ta wuce can baya ta kwanta, shi ya sa sau da yawa bakin rafi ya fi bayansa tudu. Wato nisan mita 300 da nake taƙama da shi cikin kwano ya kai ni. Muka haye muka auna zuwa ƙofar gidan Baffa, mita 11 sama da gaɓa. Daga baya babban ɗana ya buɗe min hoton sama na Google a waya, muka matso da wajen, sai ga wata baƙar lanƙwasa kamar jinjirin wata ta bi ta cikin filin, tsohuwar hanyar rafin ce tun kafin ya sauya, kangon gidana yana zaune daram a tsakiyarta. Daga ƙasa ba ka ganinta sam. Giyayyun nan kuwa a jere suke a kanta kamar an shuka.

Na je na sami mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Uku sun ce ƙaddara ce. Ɗayan har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba.

To da nan labarin ya ƙare da sai a ce tsoho ya yi gaskiya yaro ya sha kunya a tashi. Amma tudun ma yanzu ba lafiya ba.

Akwai wani burtali da ya gangaro daga gefen dutse ta arewa da gari ya nufi rafi, da shanu ne kawai ke bi, gefensa duk sabara da geza da gamba. Aka sare na sarewa aka yi itace, gonaki suka matso suka cinye gefen, 'yan mashin suka mayar da shi hanya, gidaje kuma kowa ya cire ciyawa ya sa kwano. Mutane ba sa lissafa ruwan da ke sauka, milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cur, wato in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, hekta guda ta karɓi lita dubu 500. Falalen dutse ba ya shan ko ɗigo, kwano ba ya sha, hanyar da taya ta daddaɓe bata sha, to ina zai je? Duk sai ya haɗu a burtalin nan da gudu. Ya fara da ɗan zazzago da yaro ke tsallakewa, yanzu kwazazzabo ne da in raƙumi ya shiga ba ka hango tozonsa. Kuma shi kwari ba gaba yake ci ba, baya yake ci, ruwa ya faɗo daga bakinsa ya ƙwaƙule ƙasan, saman ya rufta, bakin ya matsa sama, haka haka yana hawowa wajen gari duk damina. Marmarar da muke taƙama da ita ɓawo ce kawai a sama, in ruwa ya samu ƙarƙashinta ƙasa ce mai laushi kamar gari.

Na kai Baffa ya gani shekara biyu kafin ya rasu, lokacin ƙafa ta yi nauyi sai da na riƙe shi. Ya leƙa ya daɗe, yace wannan kam ban san shi ba, a zamaninmu ruwan dutse a hankali yake saukowa. Nace to Baffa ya za a yi? Yace kai ne mai na'ura.

Mun yi abin da za mu iya. Mun jera duwatsu a kan layin da na fitar da lebul can sama da bakin kwarin don ruwa ya rage gudu, mun dasa jema a bayansu tunda saiwarta na nitsewa sosai tana riƙe ƙasa, mun cika buhuna da yashi, mun roƙi masu mashin su canza hanya, wasu sun ji wasu sun ce mu ba hukuma ba ne. Takardar neman gada da gyaran kwari kuwa mun rubuta ta fi a ƙirga, ni nake sa musu lambobin GPS a ƙasa don kar a ce ba a san wajen ba. An taɓa zuwa sau ɗaya da mota mai kyau da rani, aka tsaya a tsakiyar yashi aka ce ina ruwan da kuke magana, aka ɗau hoto aka tafi.

Ni yanzu a tudu nake, na yi ɗaki biyu a bayan na Inna. In mace ta shiga watanta a damina, a gidana ko na 'yan uwa, tun kafin marka nake haye da ita wajen dangi a bakin kwalta ta zauna can har ta sauka, ko tana so ko bata so, an ce na cika tsoro na ce na ji. Duk ƙarshen rani kuma ni da ɗana muna kafa turke taku 10 daga bakin kwarin, mu shafa masa jan fenti, in kaka ta yi mu je mu auna abin da ya rage. Akwai shekarar da muka tarar saura taku 7, akwai ta 4, bayan mun jera duwatsun nan har mun taɓa samun 9 muka dawo muna murna. Bana da muka je ba mu ga turken ba, sai da yaron ya kwanta rub da ciki ya leƙa yace Baba ga shi can ƙasa, jan na nan. Daga inda muke tsaye na ƙirga zuwa katangar gidan farko, taku 62. Na yanko wani turken a jikin sabara na fiƙe shi, nace masa miƙo min guduma.